MOTA MAI SARƘA: MAJIGIN DA KAWU YA GANI

Jama'a, masu iya magana sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba. A unguwarmu ta Abena ina da wani kawu da ya haura shekara 80. Kullum muka zauna bayan la'asar sai ya ɗauko zancen wani majigi da ya gani yana yaro, lokacin ana kiran garin nan Fort-Lamy, kafin a mai da shi Njamena a 1973. Ya ce farin ƙyalle aka kafa, mutane na motsi, ba a jin muryar kowa. Sunan fim ɗin ya ɓace masa. Abin da ya riƙe kawai shi ne mahaya dawaki sun kewaye wata mota mai sarƙa a madadin ƙafafun baya.

Ran nan ya ce mini, "Malam, kai da ka yi boko, nemo mini shi kafin ƙasa ta rufe mini ido." Na ce, "To, Kawu."

Da na shiga bincike sai na tarar da finafinai 2 marasa magana da Faransawa suka ɗauka a wannan yanki. Na ɗaya shi ne Voyage au Congo na Marc Allégret, wanda ya fito a 1927, bayan tafiyarsa da marubuci André Gide har Tafkin Chadi. Na biyu kuwa La Croisière noire ne na Léon Poirier, da aka fara nunawa a Paris a 1926.

Motar nan ce ta raba gardama. Kamfanin Citroën ne ya tura motoci 8 masu sarƙa, suka tashi daga Colomb-Béchar ta Aljeriya ran 28 ga Oktoba 1924, ƙarƙashin Haardt da Audouin-Dubreuil. Suka keto Sahara, suka biyo ta Yamai da Tasawa da Damagaram, suka iso Fort-Lamy a Disamba, tafiyar ta ƙare a Madagaskar a Yunin 1925. A Tasawa sun sauka wurin Sarki Barmu, har mai zanen ayarin ya zana hotonsa.

Da na nuna wa Kawu motar a waya, ya yi shiru, can ya ce, "Ita ce, wallahi!"

Kada mu manta, don tallar mota da ɗaukaka mulkin mallaka aka yi fim ɗin. Duk da haka, fuskokin da ke ciki na kakanninmu ne, kuma dattawan da za su iya gaya mana ma'anar rawani da lifidi da tambarin da ke ciki suna ta ƙarewa. Saboda haka, ya ɗan'uwa mai karatu, in kana da tsoho a gida, zauna da shi yau, ka rubuta abin da ya faɗa. Allah ya ƙara wa dattawanmu lafiya, amin.