Metan Daga Ruwan Dagwalon Manja

Manjan da ake aunawa a kasuwannin Sakkwato daga kurmi yake zuwa, kuma can inda aka matse shi ya baro abin da mai saye ba ya gani. Duk tan ɗaya na manja da inji ya tace, akan zubar da ruwan dagwalo wajen tan uku, mai kauri, mai zafi, cike da maiƙo da tukar kwakwa. Manyan masana'antu kan tara shi a kududdufai buɗaɗɗu. A ƙarƙashin ruwan, inda iska ba ta kaiwa, ƙananan halittu na cin dattin suna fitar da gas, wanda kusan kashi biyu cikin uku nasa metan ne. Idan aka auna a kan shekara 100, kilo ɗaya na metan yana riƙe zafi kamar kilo 28 na iskar kabon. A shekaru 20 na farko kuwa ninkin ya kai 80.

Abin ya ƙara nauyi tun da aka fara mai da manja man mota. Indonesiya ta wajabta gauraya kashi 35 cikin 100 na dizal ɗin manja a man da ake sayarwa a 2023, ta ɗaga zuwa 40 a 2025, kuma ana yabon wannan mai da cewa ya fi na ƙarƙashin ƙasa tsabta. To, tsabtar nan a bakin kududdufi ake samunta ko a rasa ta. Dokar Tarayyar Turai ta 2009 kan makamashi mai sabuntuwa ta ƙiyasta cewa dizal ɗin manja yana rage hayaƙi mai ɗumama duniya da kashi 19 kacal idan ba a tabbatar an kama metan ba, amma da kashi 56 idan an kama. Itace ɗaya, mai ɗaya, mota ɗaya. Murfi ne kawai ya raba su. Aikin kuma ba gagara-badau ba ne: a lulluɓe kududdufin da leda mai kauri ko a juye ruwan a rufaffen tanki, a ja gas ɗin ta bututu zuwa janareta ko tukunyar tururi. Malesiya ta sa wannan sharaɗi ga sababbin masana'antun manja tun 2014, kamfanin Presco ma yana yin haka a Obaretin ta jihar Edo.

Wasu na cewa murfin ba ya mayar da dajin da aka sare don dasa kwakwa. Gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai wanke saran daji da kama metan. Amma masana'antun da ke aiki yau ba za a rufe su gobe ba, metan kuma ba ya wuce shekara 12 ko makamancin haka a sama, don haka abin da aka hana tashi bana, mutanen wannan zamani ne za su ci moriyarsa. Ƙorafin tsada ya fi ƙarfi, domin yawancin manjan Najeriya ƙananan masu matsa ne ke yin sa, ba su da jarin tanki. Wannan dalili ne na haɗa su a ƙungiya su mallaki rumbun gas guda, ba dalilin barin ruwan ya kwarara rafi ba.

Sakkwato ba ta noman kwakwar manja, amma tana da irin wannan dagwalo: jini, kashin shanu da abin cikin tumbi da ake wankewa kullum a mayanka. Halittun da ke aiki a kududdufin Edo su ne a nan, kuma sun fi ƙwazo a zafin digiri 35 zuwa 37, abin da garin ke samu kyauta yawancin shekara. Ilimin ma yana gida, domin Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1982, ta daɗe tana gina rumbunan gas na kashin dabbobi. Wahalar tana wajen kulawa: rumbun da ba a ciyar da shi kullum yakan mutu, wanda ke yoyo kuma metan ɗin yake saki. Najeriya ta shiga alkawarin Gilasgo na 2021 na rage metan a duniya da kashi 30 kafin 2030, kuma rumbu a mayankar Sakkwato, da ma'aikaci mai albashi da ke duba bututunsa, zai ba mahauta wutar dafa ruwa ba tare da itace ba.