Tsohuwar Fanka: Tarihinta da Yadda Ake Dawo Mata da Rai

Idan bazara ta kankama, zafi ya haura digiri 40 daga Yamai har zuwa Damagaram, ba abin da mai gida ke dubawa kamar fanka da wutar da za ta juya ta. Sai dai mutane kaɗan ne suka san cewa wannan na'ura ta haura shekara 140 a duniya, kuma har gobe akwai waɗanda aka ƙera tun kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya da ke juyawa lafiya lau, alhali wadda aka sayo bara tuni ta koma bayan ɗaki. Dalili kuwa shi ne, ta dā an ƙera ta ne domin a riƙa kwancewa ana gyarawa.

Asalin sunan

Kalmar fanka ba daga Turai ta samo asali ba. Mutanen Indiya ke kiran maficinsu pankha, suna da ya samo tushe daga kalmar da ke nufin fiffike. A gidajen manya na can akan rataye wani faffaɗan ƙyalle a jikin katako daga rufin ɗaki, bara ya zauna a waje yana jan igiya, ƙyallen na kai da kawowa yana kaɗa iska. Turawan Ingila suka ɗauki abin da sunansa suka yawata da shi cikin ƙasashen da suka mallaka, har ya faɗo bakin Bahaushe, wanda dā mafici da figinin sarakuna kawai ya sani. Da mai aiki da lantarki ta iso, sai ta gaji sunan.

Daga Amurka aka faro

Galibin masu bin tarihin na'urori suna danganta fankar lantarki ta farko ga wani injiniya ɗan Amurka, Schuyler Skaats Wheeler, wanda ya haɗa ta a shekarar 1882 yana ɗan shekara 22. Fukafukai biyu gare ta, ba ta da raga ko ɗaya da za ta kare yatsa. A wannan shekarar ce kuma Thomas Edison ya buɗe tashar wutarsa ta titin Pearl a birnin New York. Cikin shekarun 1880 ɗin ne har ila yau Philip Diehl, Bajamushen da ke aiki da kamfanin kekunan ɗinki na Singer, ya ɗauki injin da ya ƙera domin keken ɗinki ya liƙa masa fukafukai ya rataye a rufi, aka sami fankar sama.

Waɗannan na farko duk da wuta mai tafiya hanya ɗaya suke aiki, irin ta batir, wadda masu gyara ke kira DC. Injinsu na da wasu ƴan gawayi guda biyu da ke gogar abin da ke juyawa domin su ba shi wuta, su ne kuma ke cinyewa a hankali. A 1888 Nikola Tesla ya sami takardun mallakar wani inji mai aiki da wuta mai kai da komowa, wato AC, kamfanin Westinghouse kuma ya sayi izinin ƙera shi. A irin wannan inji babu gawayin da ke gogar komai. Wuta na shiga naɗin wayar da ke tsaye, ta haifar da ƙarfin maganaɗisu mai zagayawa, shi kuma ya ja dunƙulen ƙarfen da ke tsakiya ya bi shi. Kusan duk fankar da ke ɗakunanmu yau jikanyar wannan dabara ce.

Daga nan kasuwa ta buɗe. Kamfanin Emerson da aka kafa a birnin St. Louis a 1890 ya fara sayar da fankoki a 1892, shekarar da aka kafa General Electric. Fankokin General Electric na farko injinsu faffaɗa ne kuma shafal, shi ya sa masu tara su ke kiran su da sunan da ke nufin fanke. A Italiya Ercole Marelli ya buɗe masana'antarsa a Milan a 1891, fankokinsa suka zagaya duniya. A Jamus kuwa kamfanin AEG ya ɗauki mai zane Peter Behrens a 1907, fankar da ya tsara a 1908 ta shiga gidajen tarihi saboda kyan fasalinta. A farkon ƙarni na 20 aka fito da masu waiwaye dama da hagu, wasu ma iskar da suke fitarwa ce ke tura su, kafin a koma ga haƙoran giya.

Fukafukan wancan zamani na tagulla ne, gindin kuma zubin ƙarfe mai nauyi da baƙin fenti mai ƙyalli. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya janye tagulla zuwa ƙera harsasai, sai masana'antu suka koma ga baƙin ƙarfe, daga baya alminiyon, daga bisani roba. Na'urar sanyaya ɗaki, wadda Willis Carrier ya faro a 1902, da ta cika gidajen Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai aka tura tsofaffin fankoki ɗakin shirgi. Daga can ne masu sha'awa suka riƙa zaƙulo su, har suka kafa ƙungiya mai suna AFCA, suka buɗe gidan tarihin fankoki a garin Zionsville na jihar Indiana.

Abin da ke kashe tsohuwar fanka

Masu gyaran irin waɗannan fankoki sun yi ittifaƙi a kan abu guda: kada a jona tsohuwar fanka da wuta kafin a bincike ta. Abin dubawa na farko shi ne ɗan allon tagullar da ke manne a jikin inji, inda aka rubuta ƙarfin wutar da take ɗauka da irinta. Ta Amurka bolt 110 take so, da wuta mai kai da komowa sau 60 a daƙiƙa, wasu na farko-farko ma har sau 133. Tamu kuwa a Nijar bolt 220 ce, sau 50 a daƙiƙa. Ko wadda ta fito daga Faransa sai an duba, domin ita ma ta daɗe tana aiki da bolt 110 zuwa 127 kafin ta koma 220. Wanda ya jona ta kai tsaye zai ga hayaƙi, aikin shekara ɗari ya ƙone cikin ɗan lokaci. Taransifoma mai rage wuta na maganin wannan, sai dai fankar za ta rage gudu da kashi ɗaya cikin shida, ta kuma ɗan ƙara ɗumi. Mai aiki da DC kuwa taransifoma kaɗai ba ta isar mata.

Na biyu shi ne waya. Wayoyin dā roba aka lulluɓe su da ita aka saƙa zare a sama, to robar kan bushe ta farfashe. Wadda ta fi ba da wahala ita ce mai tasowa daga gindi zuwa kan inji, domin duk waiwayen da fanka ta yi sai ta lanƙwasa. Sauya ta sai da haƙuri, saboda a jikin naɗin wayar take haɗe, kuma ja ɗaya na gaggawa ya isa ya tsinke siraran wayoyin ciki. Bayan haka a auna da mita a tabbatar wuta ba ta zurara zuwa gangar jiki, a kuma ƙara wayar ƙasa wadda masu ƙirar dā ba su sa ba. Jikin fankar duk ƙarfe ne, sakaci a nan rai yake ci.

Na uku shi ne mai. Sandar tsakiya a cikin bushi na tagulla take juyawa, a ƙarƙashinsa kuma akwai ɗan ƙoƙo mai lagwani da ke tsotso mai yana shafa mata. Idan man ya daskare da ƙura sai fanka ta yi ta gurnani ba ta tashi, mai ita ya ɗauka ta ƙone. Sau da yawa wankewa da kananzir, sabon lagwani da ɗan man inji mara kauri su ne kawai maganin. Baƙin man mota bai dace da ita ba. Akwatin giyar waiwaye shi ma a kwashe tsohon giris a zuba sabo, a kuma lallaɓa shi, domin wasu da gaurayen tutiya aka zuba su, wanda kan tsattsage idan ya tsufa.

Idan koyil ya ƙone

Ko da naɗin wayar ya ƙone, fanka ba ta mutu ba. A nan ne gwanin naɗi ke nuna kansa. Kafin ya yanke komai zai zana yadda aka haɗa wayoyin, ya ƙirga zagayen kowane naɗi, ya auna kaurin wayar, sannan ya shimfiɗa sabuwar takardar kariya ya naɗa jan ƙarfe daidai da na asali. Daga nan ya tsoma cikin banish ya gasa har ya bushe. Rage zagaye ko sa wayar da ta fi siriri, don a rage kuɗi, shi ke sa inji zafi ya sake ƙonewa. Haka ake bi da naɗin da ke cikin gindi, wanda ke ba da gudu na ɗaya da na biyu da na uku.

Fukafukai ma suna da nasu hukunci. Ɗaya ya lanƙwashe ko kaɗan, fanka za ta riƙa rawa tana cin bushinta. Game da kwalliya kuwa, masu tara tsofaffin kaya sun fi daraja fentin asali ko da ya dushe, a kan sabon fenti mai walƙiya. Goge allon tagulla da sanfefa kuskure ne babba, domin shi ne takardar haihuwar fankar. Sannan ragar dā faɗi gare ta, hannun yaro na shiga, saboda haka sai a ɗora ta inda yara ba sa kaiwa.

Babbar barazanar da tsofaffin fankoki ke fuskanta a garuruwanmu ita ce ma'aunin ƴan gwangwan. Nauyin da ya sa suka daɗe shi ne ke kai su ga guduma, a fasa a zare jan ƙarfe da tagulla a sayar da kilo. Alhali kasuwanninmu cike suke da masu naɗin injin famfo da janareta, waɗanda hannunsu ya san wannan aiki sarai. Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Wanda ya gaji irin wannan fanka, kafin ya miƙa ta ga mai sikeli, ya fara karanta allon jikinta, ya kai wa mai gyara ya auna.