Sabon Ɗalibin Jami'a Da Zaɓen Bankin Ajiya

Kowace shekara, in lokacin buɗe jami'o'i ya zo, sai ka ga samari da 'yan mata suna sauka a tasha da akwatuna da katifu, waɗansu daga Gumel, waɗansu daga Argungu ko Biu, da yawansu kuwa wannan ne farkon barinsu gaban iyaye. An yi musu gargaɗi a gida kan karatu da salla da guje wa abokan banza. Amma akwai abu guda wanda ba safai a kan tuna a faɗa musu ba, watau inda za su ajiye ɗan guzurinsu, da yadda za su riƙa samunsa a hannu sa'ad da bukata ta taso. A kan wannan mu ke so mu yi magana da su yau, tare da iyayensu.

A zamanin fam da sule, uba ya kan ƙulla wa ɗansa kuɗi a lalita, in sun ƙare ya aika masa da fasal oda ta gidan waya, yaro ya yi kwana da kwanaki yana jira. Naira ta maye gurbin fam a 1973. Na'urar cirar kuɗi kuwa, wadda kowa ya sani da sunan ATM, bankin Barclays ne ya fara kafa ta a London cikin 1967, daga baya ta iso ƙasar nan. Yau uba yana zaune a shagonsa sai ya tura kuɗi ta waya, kafin ya aje ta sun isa. Amma fa isar kuɗi cikin asusu daban, isarsu cikin aljihu daban. Duk wanda ya ga farkon shekarar 2023, bayan an sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, ya san haka. Mutane sun yi ta wuni a layi a ƙofar banki, ga kuɗi a asusu amma ba na sayen ƙosai a hannu. Ko da ya ke masu kanti da yawa suna karɓar kuɗi ta waya yanzu, har yau ɗan acaɓa da mai shayi da mai wanki sun fi son a miƙa musu tsaba.

FARA DA ZAGAYAWA DA ƘAFA

Yawancin sababbin ɗalibai suna zaɓen banki ne don sunansa, ko don shi mahaifinsu ya ke ajiya a ciki, ko kuwa don wani ma'aikaci ya tare su a bakin ƙofar makaranta da takarda da alƙalami da daɗin baki. Mu dai shawararmu ita ce kada ɗalibi ya sa hannu a kowace takarda sai ya yi kwana biyu ko uku yana zagaya makaranta da ƙafarsa, gama gani ya kori ji.

Dalili kuwa shi ne jami'o'inmu ba a tsakiyar gari su ke ba, kuma da yawa a rarrabe su ke. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, babban mazauninta yana Samaru, masu karatun shari'a da sha'anin mulki suna Kongo, asibitin koyarwa kuwa yana Shika. Jami'ar Bayero tana da tsohon mazauni, tana da sabo a kan hanyar Gwarzo. Jami'ar Usmanu Danfodiyo mazauninta na dindindin yana can wajen Dundaye, bayan garin Sakkwato. To, bankin da ya yi wa ɗalibin Kongo daidai ba lalle ne ya yi wa na Samaru ba. Abin dubawa shi ne wane banki ne na'urarsa ta fi kusa da inda ka ke kwana da inda ka ke ɗaukar darasi.

Kada kuma ka tsaya ga ganin na'ura kawai, domin ba kowace na'ura ce ke ba da kuɗi ba. Ka je wurin da safe, ka koma ran Juma'a da yamma, ka sake komawa ran Lahadi, ka ga ko akwai kuɗi a cikinta da kuma tsawon layinta. Ka duba ko akwai fitila da mai gadi da dare. Sa'an nan ka tambayi waɗanda suka riga ka shiga makarantar, don matambayi ba ya ɓata, kuma su suka san wadda ke ƙafewa tun ran Asabar. Ka tabbata kuma akwai reshen bankin da ma'aikata a kusa. Ran da na'ura ta haɗiye maka kati, ko ka manta lambar sirrinka, mutum za ka nema ka yi magana da shi, in kuwa reshen yana cikin gari, ka rasa darasin safe ke nan, ga kuɗin mota.

LISSAFIN KUƊIN CIRA

Akwai lissafi a cikin wannan magana, bari mu yi shi a fili. Tun daga 1 ga Maris 2025 Babban Bankin Nijeriya ya sake ƙa'idar cirar kuɗi. In ka cira a na'urar bankinka, ba a cajinka kome. In ka cira a na'urar wani banki da ke harabar reshensa, za a cire maka naira 100 a kan kowace naira 20,000, ko da abin da ka cira bai kai haka ba. In kuwa na'urar ta wani banki ce kuma tana waje, kamar a kasuwa ko babban kanti, ban da naira 100 ɗin ana iya ƙara maka har naira 500, amma dole a nuna maka ƙarin kafin ka yarda. Cira uku na kyauta a wata, waɗanda a ke yi a da, an soke su.

Yanzu mu ɗauki ɗalibin da ke karɓar naira 20,000 a wata, watau daidai kuɗin guzurin da hukumar lamunin ɗalibai, NELFUND, ta fara biya a 2024. Saboda tsoron ɓarna, sai ya riƙa cirar naira dubu biyu-biyu, sau goma a wata. In a bankinsa ya ke cira, kuɗinsa sun zo masa cif. In a na'urar wani banki ne, ya biya naira 1,000 a wata, cikin wata goma ya biya rabin guzurin wata guda. In kuwa irin na'urar nan ta waje ce, aka caje shi iyakar abin da ƙa'ida ta yarda, sai naira 6,000 su tafi cikin 20,000. Wannan kuɗin abincin kwanaki ne, kuma ba wanda ya ƙwace masa, rashin dubawa ne tun farko ya jawo.

Ga kuma masu POS, waɗanda suka cika kowace kusurwa da laima da teburi. Lalle suna da amfani, musamman da dare ko ran da na'urori suka ƙafe. Amma su ma ladan aikinsu su ke ɗauka a kan kowace cira, kuma ladan ya kan hau in tsaba ta yi wuya, kamar yadda aka gani a 2023. A ajiye su don ranar matsuwa, kada su zama hanyar kullum.

TAKARDUN DA ZA A NEMA

In ka tsai da shawara, ga abin da za ka riƙe. Na farko lambar shaidar ɗan ƙasa, NIN. Na biyu lambar BVN, wadda Babban Banki ya fito da ita a 2014. Kowace ɗaya lamba 11 ce, kuma BVN guda ɗaya mutum ke da ita duk yawan bankunansa. Sai hoto ɗan ƙarami, da takardar shiga jami'a, da lambar waya wadda aka yi rajistarta da sunanka, ba da sunan yayanka ba. Wanda bai kai shekara 18 ba, yawanci sai da sa hannun uba ko waliyyi.

A nan akwai wani rami da 'ya'yanmu ke yawan faɗawa, watau saɓanin suna. A takardar JAMB an rubuta Muhammad, a NIN Mohammed, a banki Muhammadu, ko kuwa ranar haihuwa ta sha bamban. Na'ura ba ta san duk mutum ɗaya ba ne, sai ta tsai da aiki, yaro ya yi ta kai da kawowa. Mai neman lamunin NELFUND sai ya ba da lambar JAMB da NIN da BVN, saboda haka a daidaita su tun daga gida. Ka kuma tambayi irin asusun da za a buɗe maka, domin akwai ƙaramin asusu mai sauƙin buɗewa wanda ke da iyakar kuɗin da zai iya riƙewa. Kada a turo kuɗin makaranta ana gobe rufe rajista, asusu ya ƙi karɓa.

AMINCIN WURIN AJIYA

Bayan kusanci sai aminci. Ka tabbata bankin yana da lasin Babban Banki, kuma hukumar inshorar ajiya, NDIC, wadda aka kafa a 1988, ta tsaya masa. A 2024 hukumar ta ɗaga abin da za ta biya mai ajiya in banki ya rushe zuwa naira miliyan 5 a manyan bankuna, da miliyan 2 a ƙananan bankunan tallafi. A watan Yuni na shekarar aka janye lasin bankin Heritage, hukumar kuwa ta shiga biyan masu ajiya. Guzurin ɗalibi bai kai wannan adadi ba, saboda haka a banki mai lasi hankalinsa kwance. Wanda ya kai kuɗinsa wurin masu alkawarin ninka su cikin wata guda, ba hukumar da za ta biya shi, kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala ne.

Wanda ba ya son ajiyarsa ta haɗu da kuɗin ruwa, akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi. Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021. Sai dai shi ma ya yi musu awo da wannan mudu, watau ya duba ko suna da reshe da na'ura kusa da shi. Wanda kuma ya zo da tsohon asusu daga gida, ba sai ya rufe shi ba. Ya buɗe na biyu kusa da makaranta, in sabis ɗin wannan ya ɗauke ya juya ga wancan.

TSARE SIRRI

Saura tsaro, wanda ya rataya a wuyan ɗalibi shi kaɗai. Lambar sirrin kati ba a faɗa wa kowa ita, ko abokin ɗaki, ba a kuma rubuta ta a bayan kati. Duk wanda ya bugo waya ya ce shi ma'aikacin banki ne, a karanto masa lambar da aka turo yanzu, ɓarawo ne, banki ba ya tambayar wannan. In baƙo ya ce zai taimake ka a gaban na'ura, ka gode masa, ka riƙe katinka. Kada kuma ka ara wa wani asusunka a turo masa kuɗi, domin in na zamba ne, sunanka hukuma za ta bi. Ka haddace lambar da bankinka ya tanada don toshe asusu ta waya, saboda ranar da kati ko waya suka ɓace.

In na'ura ta rage maka kuɗi a asusu amma ba ta ba ka ba, kada ka haƙura ka ce ƙaddara ce. Tun 2020 Babban Banki ya ƙayyade cewa a mayar da su cikin awa 24 in na'urar bankinka ce, awa 48 in ta wani banki ce. Ka rubuta ranar da sa'a da wurin, ka kai ƙara bankinka. In sun yi shiru, akwai sashen kare haƙƙin masu ajiya a Babban Banki.

Ku kuma iyaye, muna roƙonku ku zauna da yaro ku yi wannan lissafi tare kafin ya kama hanya, kuma kada ku tilasta masa bankinku in ba shi da reshe a inda zai zauna. Shekara huɗu ko biyar zai yi a can, kuma kowace naira da ta tafi a banza gumin wani ne a gona ko a kasuwa. Allah ya ba 'ya'yanmu ilmi mai amfani, ya sa albarka a cikin ɗan abin da a ke aika musu, amin.