Majami'ar Piza da hasumiyarta

Piza wani birni ne na ƙasar Italiya, a bakin kogin Arno, kusa da teku. A zamanin da, mutanensa fatake ne masu jiragen ruwa. A shekara ta 1063 suka kai hari birnin Palarmo, suka komo da ganima mai yawa. Da wannan dukiya suka soma gina babbar majami'arsu, wato ɗakin ibadar Kirista. Sun yi ta da dutsen marmara, fari da mai ruwan toka. An tsarkake ta a 1118.

Majami'a tana bukatar ƙararrawa don kiran jama'a. Saboda haka a 1173 aka fara gina mata hasumiya a gefe. To, amma ƙasar wurin tana da laushi, yumɓu ce da rairayi, kuma zurfin tushen ginin bai wuce metir 3 ba. Magina ba su kai ko rabi ba, sai hasumiya ta soma karkata.

Sai yaƙe-yaƙe suka tsai da aiki kusan shekara ɗari. Ashe wannan jinkiri ne ya ceci ginin! Ƙasa ta samu lokacin daddaɓewa a ƙarƙashinsa. Da aka koma aiki a 1272, magina suka riƙa ƙara tsawo ta ɓangaren da ya nutse. Shi ya sa hasumiyar ta ɗan lanƙwashe. An gama ta wajen 1372. Tsawonta kimanin metir 56 ne, tana da ƙararrawa 7.

Karkatar ba ta daina ba. A 1990 aka rufe hasumiyar don gudun kada ta faɗi. Injiniyoyi suka yi ta zare ƙasa kaɗan-kaɗan ta ɓangaren arewa, har ta ɗan miƙe da kamar santimetir 40. Aka sake buɗe ta a 2001.

Yau baƙi suna zuwa daga ko'ina. Mai son hawa sai ya sayi tikiti, ya jira lokacinsa, ya taka matakala fiye da 250. Ba a barin yaran da ba su kai shekara 8 ba su hau. Wasu baƙin hasumiya kawai suke ɗauka hoto, su manta da majami'ar. Alhali a kan rufinta akwai wata siffa mai jikin zaki da fikafikan tsuntsu. Kwafi ce. Ta ainihin, wadda maƙeran Musulmi suka yi da tagulla, tana gidan tarihi na kusa, da rubutun Larabci a jikinta.