Yadda ake gano lalacewar ƙaramin injin lantarki a na'urar wasan pinball

Pinball wasa ne da ya bunƙasa a birnin Chicago na ƙasar Amurka, inda ɗan wasa ke harba ƙwallon ƙarfe a kan wani faifai mai gangare da aka rufe da gilashi. Daga shekarar 1942 zuwa 1976 an haramta shi a birnin New York bisa zargin cewa caca ce. A yau masu sha'awar wasan na adana tsoffin na'urorin, kuma tunda kamfanin Williams ya daina ƙera su a 1999, duk wani sashe na asali da ya lalace ba ƙaramar asara ba ce.

Misalin da ya fi shahara shi ne na'urar The Addams Family ta 1992, wadda aka sayar da fiye da guda 20,000. A cikinta akwai wani hannu da ke fitowa daga akwati, ya ɗauke ƙwallo da maganaɗisu, sannan ya koma ciki. Abubuwa uku ne ke tafiyar da shi: ƙaramin injin lantarki, da akwatin giya, da idanun haske waɗanda ke sanar da kwamfutar na'urar inda hannun yake.

Idan hannun ya tsaya, mutane da yawa kan yi gaggawar sayen sabon inji, alhali sau da yawa laifin ba nasa ba ne. Shi ya sa mai gyara ke farawa da tsarin gwaji da ke cikin na'urar, wanda ke ba shi damar kunna injin shi kaɗai, ya saurara, ya kuma duba.

Idan babu motsi kuma babu ƙara, to alama ce ta cewa wuta ba ta isa wurin. A nan sai a auna fis da mita, domin ido kan yaudari mutum, sannan a duba mahaɗar wayoyi da liƙin dalma wanda girgizar shekaru kan tsattsaga.

Idan kuwa injin na gurnani amma ba ya juyawa, galibi tsohon giris ne ya daskare, ko wani abu ya tokare hannun. Idan yana juyawa amma hannun bai motsa ba, ana zargin haƙoran giya sun cinye ko wani kusa ya kwance.

Alama ta ƙarshe ita ce injin ya ci gaba da aiki ba tare da tsayawa inda ya kamata ba. Wannan na nuna cewa kwamfutar ba ta samun saƙo daga idon hasken. Ƙura kaɗai na iya rufe shi, kuma gogewa da auduga kan wadatar. Ana tabbatar da lafiyarsa ta hanyar tare hasken da 'yar takarda yayin da ake kallon allon gwaji.

Wajibi ne a zare wayar wuta daga bango kafin a sa hannu a ciki, domin allon nuna maki na irin waɗannan na'urori yana aiki da ƙarfin da ya haura volt 100. Haka kuma bai dace a sa fis da ya fi na asali ƙarfi ba, domin fis ɗin da ya ƙone yana nuni ne ga matsala a wani wuri. Wanda ya ƙara masa ƙarfi yana iya ƙona allon lantarkin baki ɗaya, wanda ya fi injin tsada nesa ba kusa ba.