Inshorar jigilar kaya a kasuwancin intanet

Inshorar jigilar kaya yarjejeniya ce da mai aika kaya ke ƙullawa da gidan waya, ko kamfanin dakon kaya, ko kamfanin inshora, domin a biya shi diyya idan kayan suka ɓata ko suka lalace a hanya. A kasuwannin intanet irin su eBay, inshorar ta fi amfanar mai sayarwa, domin yawanci shi ke ɗaukar asara.

Alhakin mai sayarwa

A Tarayyar Turai, dokar kare haƙƙin masu saye ta shekarar 2011 ta ɗora alhakin kaya a wuyan ɗan kasuwa har sai sun shiga hannun mai saye ko wakilinsa. Ta kuma ba shi kwana 30 ya isar da su, sai in sun amince da wani lokaci daban. Birtaniya ma tana da irin wannan tanadi a dokarta ta 2015. Amma idan mai saye ne ya nemo ɗan dako da kansa, ba daga cikin waɗanda ɗan kasuwa ya gabatar masa ba, alhakin yana komawa kansa da zarar an miƙa wa ɗan dakon kayan.

Tsarin eBay

Idan kaya ba su iso ba, mai saye yana iya kai ƙorafi a mayar masa da kuɗinsa, ko da laifin na kamfanin dako ne. Abin da ke kare mai sayarwa shi ne lambar bin sawun kaya da ta nuna an kai su adireshin da aka bayar. A Amurka, idan ciniki ya kai dala 750, sai an haɗa da sa hannun wanda ya karɓa.

Neman diyya

Hukumar gidan waya ta Amurka tana haɗa inshorar da ta kai dala 100 a cikin kuɗin tsarinta na Priority Mail, kuma ana iya sayen ƙari har zuwa dala 5,000. Mai neman diyya zai gabatar da rasidin aikawa da hujjar farashin kayan. Ana iya hana shi diyyar idan rashin ƙunshe kayan da kyau ne ya jawo lalacewarsu.