Kasuwa Ta Shigo Gida



Kakanninmu fatake ne. Su kan ɗora goro bisa jakai daga Salaga zuwa Kano, su yi wata da watanni a hanya, iyali suna jira. Amma ran da madugu ya sauke ayari, aiki ya ƙare ke nan. Maigida ya zauna a tsakar gida, 'ya'yansa su ƙoshi da ganinsa.

Yau abin ya sake. A 2020, sa'an da cutar korona ta sa aka kulle Akra da Kumasi har mako 3, mutane da yawa suka koyi aiki daga ɗaki, ma'aikacin ofis da kwamfuta, ɗan kasuwa da waya. Yanzu kana kan tabarmarka sai ka yi cinikin albasar Galmi, ka aika kuɗi, ka ji inda mota ta kwana. Wannan alheri ne, a gode wa Allah.

Amma ka lura. Rumfar kasuwa tana da lokacin rufewa, waya kuwa ba ta da shi. An kawo tuwo, dillali ya kira. Yaro ya zo da littafinsa na makaranta, ka ce masa, "Bari tukuna." Matarka tana magana, idonka yana kan lissafi. Jikinka yana gida, zuciyarka tana kasuwa. Ashe, ba ka fi falken dā nisa ba?

Littafi Mai Tsarki bai hana neman abinci ba. Manzo Bulus kansa ya yi sana'ar ɗinkin tanti a Korinti, wurin Akila da matarsa Biriskila. Amma duba Markus sura 6. Taro ya matsa wa almajirai har ba su sami damar cin abinci ba, sai Yesu ya janye su gefe domin su huta. Duba kuma Fitowa sura 16. Allah ya ciyar da Isra'ilawa da manna a jeji, ran 6 ya ba su rabon kwana 2, domin su huta ran 7, ba wanda ya kwana da yunwa.

To, tun da ba wanda zai rufe maka rumfar nan, kai za ka rufe ta da hannunka. Ka yanke lokaci, ka faɗa wa abokan cinikinka. In an kawo abinci, ajiye wayar a ɗaki. Ka keɓe rana guda a mako domin Allah da iyalinka.

Me ke hana ka? Tsoro ne, kada ciniki ya wuce ka. Yesu Almasihu, wanda ya mutu domin zunubanmu, ya kuma tashi, ya koya mana Ubanmu na sama ya san bukatarmu. Ka ba da gaskiya gare shi, ka danƙa masa gobenka. Allah ya ba gidanka salama. Amin.